Karatun Bayomedikal a Jami'a: Likita Ake Zama ko Ma'aikacin Ɗakin Gwaji?

Duk lokacin da jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai tambayar da ke yawo tsakanin ɗalibai da iyayensu: wanda aka ba shi kwas ɗin kimiyyar bayomedikal, idan ya gama likita zai zama? In ba likita ba ne, to me zai zama? Wasu sun ɗauki kwas ɗin a matsayin ƙofar baya ta shiga likitanci. Wasu kuma na ganin duk wanda ya karanta shi, kai tsaye ɗakin gwajin jini na asibiti zai nufa ya kama aiki. Kowace fahimta a cikin biyun tana da ƙamshin gaskiya, amma dukkansu sun jefa ɗalibai da yawa cikin da-na-sani, domin takardar digiri daban take, izinin taɓa samfurin majiyyaci kuma daban.

Mene ne ainihin wannan fanni?

Bayomedikal kalmar aro ce da ta haɗa ilimin halittu da ilimin lafiya. Nazari ne na yadda jikin ɗan'adam yake aiki idan yana lafiya, da abin da ke lalacewa idan cuta ta shige shi, da yadda za a auna wannan lalacewar a cikin jini, fitsari, kaki ko ɗan yankin nama. Likita daga majiyyaci yake fara aikinsa: ya saurari ƙorafinsa, ya duba shi, ya yanke shawarar magani. Masanin bayomedikal kuwa daga samfur yake farawa, da tambaya a kansa. Me ya hana wannan jinin daskarewa a kan lokaci? Wace ƙwayar cuta ce a cikin wannan fitsarin, kuma wane magani ne zai kashe ta?

Tarihin cutar sikila ya isa misali. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya bambanta a jikin mai sikila. A tsakiyar shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin tubali ɗaya ne tak a cikin tubala 146 na ɗaya daga cikin sarƙoƙin sinadarin, wanda ke zaune a wuri na shida. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana dabarar CRISPR ta yanka ƙwayoyin gado a daidai inda ake so, kuma a watan Nuwamba na 2023 Birtaniya ta amince da Casgevy, magani na farko na sikila da aka gina a kan wannan dabara. Duk mutum huɗun nan babu wanda yake likitan asibiti a cikinsu. Masana sinadarai ne da ƙwayoyin halitta, kuma irin aikinsu ne wannan kwas yake share wa ɗalibi hanyarsa.

Daga ina ruɗanin ya samo asali?

Da farko akwai kamannin suna. Bayomedikal yana da 'yan uwa da ake yawan rikita shi da su. Akwai kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wadda aka tsara musamman don horar da mai gwada samfurin marasa lafiya. Akwai injiniyancin bayomedikal, wanda aikinsa ƙera da gyara na'urori ne, irin su injin wankin ƙoda, na'urar ɗaukar hoton jiki da gaɓoɓin roba, kuma lissafi da fiziks ne ginshiƙinsa. Akwai kuma bayokemistiri da ilimin ƙwayoyin cuta, waɗanda kowannensu reshe ɗaya ne aka zurfafa a ciki.

Sai kuma zaman aji ɗaya. A jami'o'i da yawa ɗaliban bayomedikal da na likitanci suna ɗaukar darussan sassan jiki da yadda jiki ke aiki tare a shekarun farko, da malamai ɗaya da littattafai ɗaya. Ɗalibi sai ya ɗauka hanya ɗaya suke bi, alhali a gaba za ta rabu: waɗancan su shiga ɗakunan kwanciyar marasa lafiya, shi kuma ya zurfafa a ɗakin bincike.

Babban dalilin kuwa shi ne sunan ba abu ɗaya yake nufi a ko'ina ba. A Birtaniya sunan kwas ne, kuma sunan sana'a ne da doka ta kare. A Amurka galibi digiri ne na share fagen shiga makarantar likitanci ko bincike, ma'aikacin ɗakin gwajin asibiti kuma wani suna da wata takarda yake ɗauka. Ɗalibin da ya karanta bayanin wata ƙasa a intanet ya ɗora shi a kan tasa, ya riga ya fara kuskure tun kafin ya shiga aji.

Abin da ake karantawa

Tsawon karatun shekara uku ne a Ingila, huɗu a Sikotlan da Amurka, wasu jami'o'in kuma suna ƙara shekara guda ta aiki a asibiti ko kamfani. Shekarar farko ta ginshiƙi ce: ginin ƙwayar halitta, sassan jiki, kemistiri da lissafin ƙididdiga. A nan ne masu gudun lissafi suke shan mamaki, domin kullum sai an lissafa. Idan aka ce a haɗa mililita 100 na wani sinadari da ƙarfinsa zai zama kashi ɗaya cikin goma na wanda ke kwalba, mililita 10 za a ɗiba a sirka da ruwa har ya cika 100. Abu ne mai sauƙi a takarda, amma ɗalibin da ya kauce da sifiri ɗaya ya ninka ƙarfin sau goma, kuma duk gwajin da aka yi da wannan ruwan ya lalace. Ana kuma koyon riƙe fifet, ɗan bututun da ke ɗibar ruwa da ma'aunin maikurolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Kumfar iska ɗaya a bakin bututun ta isa ta canza sakamako.

Shekara ta biyu ake shiga cuta kanta: garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta, ilimin jini, gado da yadda magunguna ke aiki a jiki. Dabaru biyu ne suka fi nuna irin tunanin da ake so ɗalibi ya samu. Ta farko rinin da Hans Christian Gram, likita ɗan Denmak, ya ƙirƙiro a 1884, wanda har yau ake raba bakteriya gida biyu da shi. Ana shafa samfur a kan gilashi, a zuba rini shunayya, a bi shi da aidin don ya kama, a wanke da sinadarin alkohol na 'yan daƙiƙoƙi, sannan a zuba jan rini. Bakteriya mai kaurin bango tana riƙe shunayyar, mai siririn bango kuma tana sakinta ta koma ruwan hoda. Matakin wankin nan shi ne wurin tuntuɓe. In aka daɗe ana wankewa, mai kaurin bangon ma sai ta saki rinin ta fito ruwan hoda, a kai wa likita rahoton da zai sa ya zaɓi maganin da bai dace ba.

Ta biyu ita ce PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1993, kuma ita ce duniya ta san sunanta lokacin annobar korona. Dabara ce ta ninka ɗan guntun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, har ya yi yawan da za a iya ganinsa. Ana ɗumama samfur zuwa maki 95 a ma'aunin Salsiyas don igiyoyi biyu na DNA su rabu, a sauko zuwa tsakanin 50 da 65 don 'yan guntayen da aka tsara su manne a wurin da ake nema, sannan a hau zuwa 72 inda wani sinadari zai gina sabuwar igiya. An samo wannan sinadarin ne daga wata bakteriya mai rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafi ba ya kashe shi. Kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu, don haka zagaye 30 zai iya mai da kwafi ɗaya ya haura biliyan ɗaya. Ƙarfin dabarar shi ne kuma rauninta: ɗigon da ya fantsala daga samfurin jiya zai ninku shi ma, a ce mai lafiya yana da cuta. Saboda haka ake raba ɗakin haɗa sinadarai da ɗakin karanta sakamako, kuma kowane gwaji ana sa bututu ɗaya da ruwa zalla a ciki. Idan wannan bututun ya nuna cuta, an zubar da aikin ranar gaba ɗaya.

Shekarar ƙarshe ta aikin bincike ce a ƙarƙashin malami. Ɗalibai kan ɗauke ta a matsayin sharaɗin kammalawa kawai, kuma wannan asara ce, domin ita ce kaɗai hujjar da mai ɗaukar aiki zai gani cewa hannun mutum ya taɓa na'ura. Wanda ya zaɓi aikin da za a yi a ɗakin gwaji ya fi wanda ya zaɓi na tattara rubuce-rubucen wasu samun abin faɗa a ranar ganawar neman aiki.

Aikin ɗakin gwajin asibiti, da inda kuskure ke shiga

Mutane na zaton aikin bai wuce a zuba jini a na'ura a jira takarda ta fito ba. Amma mafi yawan kurakuran gwaji tun kafin samfur ya kai ga na'ura suke faruwa, kuma gano su shi ne rabin sana'ar.

Kowace kwalbar ɗibar jini da launin murfinta da sinadarin da ke ciki. Mai murfi shunayya tana ɗauke da EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, ita ake ƙirga ƙwayoyin jini da ita. Mai shuɗi tana da sitiret, wanda shi ma ke hana jini daskarewa, ta gwajin daskarewar jini ce, kuma dole a cika ta zuwa layi, domin kashi tara na jini ake so a kan kashi ɗaya na sinadarin. In ba ta cika ba, sinadarin ya yi yawa, sakamako zai nuna jinin na jinkirin daskarewa alhali lafiyarsa ƙalau. Mai murfi ruwan toka ta gwajin sukari ce, tana da fuloraid da ke hana ƙwayoyin jini ci gaba da cin sukarin. Jinin da aka bari a kwalbar da ba ta da shi yana asarar kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na sukarinsa a kowace awa, ta yadda samfurin da ya kwana a kan tebur zai iya ɓoye ciwon sukari.

Fotasiyam ya fi komai nuna nauyin wannan aiki. A jikin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da kusan 5 a ma'aunin da ake amfani da shi, kuma hawansa sosai na iya tsayar da zuciya. To amma mafi yawan fotasiyam ɗin jiki a cikin ƙwayoyin halitta yake. Idan an zuƙi jini da ƙarfi ta siririyar allura, ko an girgiza kwalba, jajayen ƙwayoyin suna fashewa su zubo da nasu, sakamako ya hau sama ba tare da majiyyaci na da matsala ba. Haka kuma idan aka juye jini daga kwalba mai shunayyan murfi zuwa wata, domin EDTA ɗin da ke ciki da fotasiyam aka haɗa shi, kuma yana kama kalsiyam. Ƙwararre idan ya ga fotasiyam ya yi tashin gwauron zabo, kalsiyam kuma ya faɗi ƙasa warwas, ya san kwalba ce ta gurɓata, sai ya nemi sabon samfur. Wanda bai sani ba zai saki sakamakon, a ɗora wa mutum maganin saukar da abin da bai hau ba.

Ma'ajiyar jini ita ce wurin da kuskure ɗaya ke kisa cikin gaggawa. Karl Landsteiner ne ya gano rukunonin jini a 1901, kuma tun daga lokacin aka san cewa mai rukunin O idan aka ƙara masa jinin A, garkuwar jikinsa za ta fasa ƙwayoyin da aka ƙara masa, ƙoda ta iya tsayawa. Shi ya sa ake tantance rukuni ta fuska biyu, daga ƙwayoyin jinin da kuma daga ruwansa, sannan a tabbatar jinin mai bayarwa ya dace da na mai karɓa kafin a saki leda. Da yawa daga cikin haɗurran ƙarin jini daga rubuta sunan wani a kan kwalbar wani suke tasowa, don haka ma'ajiyar jini mai tsari ba ta karɓar kwalbar da rubutunta ya saɓa da takardar buƙata ko da da harafi ɗaya ne. Ajiya ma da ƙa'idarta: jajayen ƙwayoyi a firji tsakanin maki 2 da 6 na kwana 35 zuwa 42 gwargwadon ruwan da aka adana su a ciki, ƙwayoyin daskarar da jini kuma a maki 20 zuwa 24, ana jijjiga su a hankali, kuma kwana 5 zuwa 7 kawai suke yi.

A sashen ƙwayoyin cuta ana shuka samfur a faranti mai abincin bakteriya, a ajiye a maki 35 zuwa 37 na awa 18 zuwa 24, a gano irin wadda ta tsiro, sannan a gwada ta da magunguna daban-daban, wanda ke cin wata kwana guda. Wannan ne dalilin da sakamakon ke ɗaukar kwana biyu ko uku, abin da majiyyata ke ɗauka sakaci ne. Wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗauki samfurinsa kuwa, farantinsa na iya fitowa wayam alhali cutar na nan. A sashen nazarin nama kuma, yankin da aka ciro a tiyata dole ya shiga ruwan fomalin nan take, ruwan ya ninka naman aƙalla sau goma, kafin a daskarar da shi a kakin farafin a yanka shi da kaurin maikuron 3 zuwa 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) don dubawa a madubin likita. Naman da aka bari ya bushe ya rasa siffarsa, kuma ba a cika samun damar sake yanko wani ba.

A kan duk wannan akwai gwajin inganci. Kafin a fara gwada samfurin mutane, ana ba na'ura samfurin da aka riga aka san sakamakonsa. In ta kauce fiye da iyakar da aka yarda, ana dakatar da aiki har a gano dalili, ko sinadari ne ya lalace ko na'urar ce ke buƙatar saiti. Ma'aunin duniya da ake tantance ɗakunan gwajin asibiti da shi shi ne ISO 15189, kuma ɗalibin da ya san abin da ya ƙunsa ya riga takwarorinsa taki ɗaya.

Digiri daban, lasisi daban

Nan ne gizo ke saƙa. Saboda irin haɗarin da aka bayyana a sama, ƙasashe da yawa ba sa barin kowa ya saki sakamakon gwajin majiyyaci sai mai rajista, kuma ba kowane digirin bayomedikal ne ke kai mutum ga rajistar ba.

A Birtaniya hukumar HCPC ce ke yi wa ma'aikatan rajista, kuma laifi ne mutum ya kira kansa da sunan sana'ar ba tare da ita ba. Hanyar da aka saba ita ce digirin da IBMS, cibiyar masu wannan sana'a, ta amince da shi, haɗe da kundin horo da ake cikawa a ɗakin gwajin da aka amince da shi. Wanda ya yi digirin da ba a amince da shi ba, ko da a shahararriyar jami'a ce, sai an duba darussansa, kuma sau da yawa sai ya koma ya ɗauki ƙarin darussa da kuɗinsa. Wasu manyan jami'o'in bincike da gangan ba sa neman amincewar, domin masu bincike suke son yayewa. Wannan ba aibi ba ne, amma dole ɗalibi ya san shi tun farko. A Amurka yawancin asibitoci takardar shaidar ASCP, ƙungiyar ƙwararrun gwajin asibiti ta ƙasar, suke nema, wadda ake samu bayan horo da jarrabawa, wasu jihohi kuma irin su Kalifoniya da New York suna da nasu lasisin a kai. A Najeriya hukumar MLSCN ce ke ba da lasisi, kuma hanyar ita ce digirin kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen asibiti na shekara biyar da shekara guda ta horon sanin makamar aiki. Lasisin wata ƙasa kuma ba ya aiki kai tsaye a wata, sai an sake tantance takardu.

Ko inda digirin ya samu amincewa, guraben horo a asibiti sun fi masu nemansu ƙaranci. Da yawa sukan fara da aikin mataimaki a ɗakin gwaji, suna karɓar samfur suna shigar da bayanai, har a samu gurbin cika kundin horo. Kwas ɗin da ya haɗa shekarar asibiti a cikinsa ya ɗauke wa ɗalibi wannan wahala, kuma a ganina wannan ya fi sunan jami'a muhimmanci ga wanda aikin asibiti yake so.

Batun tsallakawa zuwa likitanci

Masu cewa kwas ɗin tsani ne suna da hujja. A Amurka ba a shiga makarantar likitanci sai da digirin farko da jarrabawar MCAT, kuma bayomedikal ya ƙunshi yawancin darussan da ake buƙata. A Birtaniya akwai karatun likitanci na shekara huɗu na masu digiri, maimakon biyar ko shida. Wanda ya bi ta nan yana shiga da ginshiƙi mai ƙarfi a ilimin cuta.

Masu gargaɗi kuma suna cewa guraben masu digiri sun fi na masu fitowa daga sakandare ƙaranci da tsananin gasa, sauyin kwas a tsakiyar karatu kuma 'yan ƙalilan da suka fi kowa maki ake ba wa, inda ma ake bayarwa. Jimillar shekarun za ta kai bakwai ko takwas kafin a fara horon asibiti, da kuɗin karatu sau biyu. Na fi karkata ga masu gargaɗin, saboda wani dalili da ba a cika faɗa ba: ɗalibin da ya shiga kwas ɗin da zuciyarsa a wani wuri ba ya neman horon hutu, ba ya kula da aikin bincikensa, ba ya tambayar batun rajista. Idan ƙofar likitanci ba ta buɗe ba, sai ya fito da digirin da bai shirya yin aiki da shi ba. Wanda zai iya amsa cewa zai ji daɗin aikin ɗakin gwaji ko bincike ko da bai zama likita ba, shi ne kwas ɗin ya dace da shi.

Sauran hanyoyin da digirin ke buɗewa

Bincike shi ne hanyar da aka fi tsara kwas ɗin dominta, amma digirin farko mataimakin mai bincike kawai yake samarwa. Jagorantar bincike sai da digiri na uku, wanda ke cin shekara uku zuwa huɗu a Birtaniya, biyar zuwa shida a Amurka, sannan a biyo da shekarun aikin kwantiragi da ke dogara da tallafin da ake sabuntawa. Hanya ce mai buƙatar haƙuri. Katalin Karikó, masaniyar bayokemistiri, ta shafe shekaru tana fama da rashin tallafi kafin aikin da suka wallafa da Drew Weissman a 2005 ya zama ginshiƙin rigakafin korona na mRNA, wato sinadarin da ke isar da saƙon DNA a cikin ƙwayar halitta, suka samu Nobel a 2023.

Kamfanonin magunguna suna ɗaukar masu wannan digiri da yawa, kuma ba duka ke sa farar riga ba. Sabon magani yakan ci shekara 10 zuwa 15 kafin ya isa kasuwa. Ana fara gwada shi a kan mutane kaɗan don a ga ko yana da illa, sannan ɗaruruwan marasa lafiya don a ga ko yana aiki da kuma adadin da ya dace, sannan ɗaruruwa zuwa dubbai don a kwatanta shi da maganin da ake da shi. Kusan tara cikin goma na magungunan da suka shiga gwajin mutane ba sa kai wa ga amincewa. Kowane mataki na buƙatar masu zagayawa asibitoci suna tabbatar da cewa bayanan da aka rubuta sun dace da fayil ɗin majiyyata, masu bin diddigin illolin magani, masu shirya takardun neman amincewar hukuma, da masu gwada ingancin kowane rukunin da masana'anta ta fitar.

Fannin da ya fi saurin girma shi ne nazarin bayanan halitta da kwamfuta. Aikin karanta jerin DNA na ɗan'adam, mai haruffa kusan biliyan uku, ya ɗauki daga 1990 zuwa 2003. Yau na'ura ɗaya tana karanta na mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma masu iya fassara tulin bayanan ne suka yi ƙaranci. Ɗalibin da ya koyi harshen kwamfuta irin su R ko Python tare da ƙididdiga tun yana jami'a ya buɗe wa kansa ƙofar da yawancin 'yan ajinsu ba su san da ita ba.

Akwai kuma lafiyar al'umma da bin sawun annoba, aikin ɗakin dashen ƙwai na masu neman haihuwa, binciken laifuka ta hanyar DNA, koyarwa, da horar da asibitoci kan na'urorin da kamfani ya sayar musu. Kusan dukkansu suna buƙatar digiri na biyu ko horo na musamman a kan na farkon.

Shin na'urori za su ƙwace aikin?

Sun riga sun ƙwace wani ɓangarensa. Na'urar sinadaran jini ta zamani tana gwada ɗaruruwan samfura a awa guda, kuma ƙirƙirarriyar basira ta fara taimakawa wajen duba hotunan nama. Abin da ya ragu a hannun mutum shi ne hukunci: samfurin da na'ura ta yi wa alamar tuhuma, shafin jinin da sai an duba a madubi kafin a bambanta sankarar jini da kamuwa da bairos, da sakamakon da ya saɓa da na jiya ta yadda jiki ba zai iya canzawa haka ba. Guraben aikin hannu zalla suna raguwa, na masu iya gano dalilin da ya sa na'ura ta yi ƙarya kuma suna nan. Aikin yana da kwanan dare da aikin ranakun hutu, domin ɗakin gaggawa da ɗakin haihuwa ba sa rufewa, kuma majiyyaci ba ya sanin sunan wanda ya gano kuskuren da ya cece shi.

Abin da ya kamata a tambaya kafin a karɓi gurbin

Tambaya ta farko hukumar rajista ake yi wa, ba jami'a ba. A shiga jerin kwasa-kwasan da hukumar ƙasar da ake son yin aiki ta amince da su, a nemi ainihin sunan kwas ɗin da shekarar da amincewar ta shafa, domin jami'a ɗaya na iya samun kwas biyu masu kama da juna, ɗaya da amincewa ɗaya babu, kuma amincewa tana ƙarewa idan ba a sabunta ba. Bayan haka a tambayi jami'ar awa nawa ɗalibi ke yi a ɗakin gwaji a mako, da kuma ko kowa ke riƙe fifet da hannunsa ko mutum ashirin ne ke kewaye malami suna kallo. A tambayi ko akwai shekarar asibiti, ɗalibai nawa ne a aji ke samunta, kuma jami'a ce ke nemo wurin ko ɗalibi. Inda aka yi alkawarin sauyi zuwa likitanci, a nemi adadin guraben da makin da ake buƙata a rubuce, da yawan waɗanda suka samu sauyin a bara.